Kakar da Ban Gani Ba

Litinin

Zuwa ga aminina Mai Fenti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da wannan aiki da ya raba mu wata uku ke nan. Yaya ciwon bayan? Na sha gaya maka ka daina hawa tsani da cikakken bokiti, ba ka ji. Na leƙa iyalinka shekaranjiya, kowa ƙalau. Mu ma nan sai godiya.

Na ji labarina ya riga wasiƙata isowa, kuma na san a karkace ya iso. Don haka bari in fara tuna maka ko ni wane ne. Ni ne na bar makaranta a aji uku na sakandare, ba don kai ya gaza ba, gida ne ya gaza. Walda da ido na koye ta, ina tsaye a bakin rumfar wani, ba wanda ya taɓa riƙe hannuna. Injina na farko gawarsa na tsinta a bola, na naɗa masa waya da kaina. Shagon nan ni na kafa shi, gidan da nake kwana ni na ɗora kowane rodi na cikinsa, 'ya'ya huɗu na kai makarantar da ni ban gama ba. Ƙungiyar magoya bayan 'yan ƙwallon garinmu mu uku muka kafa ta, ni da kai da Tela, amma bencinan ofishin ni na ƙera, allon ƙarfen da kake rubuta sunan gwarzon kowace kaka a jikinsa ma ni na haɗa. Shekara talatin da ɗaya ban fasa zuwa fili ba, har shekarar da muka faɗa rukunin ƙasa 'yan kallo suka watse. To irin wannan mutumin ne za a ce maka ana kulle shi a sito kamar akuya?

Ga yadda aka yi. Ranar buɗe kaka na shiga sito in ɗauko tutarmu da nake ajewa bayan roduna. Iska ta bugo ƙofa, sakatar waje ta zame ta faɗa raminta. Ka san ƙofar, ita ce wadda na ƙera da farantin ƙarfe mai kauri bayan ɓarayi sun shigar min, kuma ban yi mata mabuɗi ta ciki ba. Wayata tana waje a kan tebur. Na buga, na yi kira, layi babu kowa, duk an tafi fili. Awa biyu na yi zaune a kan wofin galan, na ji ihu sau biyu daga bayan shago, sai da aka tashi mai ɗakina ta zo nemana ta buɗe. Mun ci biyu da nema. Rabonmu da cin wasan farko shekara tara.

Wasa na biyu na bi mota na je, aka zuba mana uku. Na uku a gida, ina zaune a gurbina na jikin turke, aka yi mana ci ɗaya mai ban haushi. A hanyar dawowa Tela ya ce da wasa, ko dai a mayar da Mai Walda sito. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma kwana uku ana maimaitawa, har mai gyaran babur na kusa da ni, wanda bai san bugun kusurwa ba, ya soma sa baki. Raina ya ɓaci. Na ce musu wannan camfi ne na marasa ilimi, kuma don in kunyata su, ranar Asabar da ƙafata zan shiga, su ja sakata, a doke mu, kowa ya huta.

Aminina, ba a doke mu ba. Uku da ɗaya muka ci, a gidan mutane.

Ka ga dai ba kulle ni aka yi ba, ni na shiga. Baki shi ke yanka wuya. Zan ƙara musu wasa ɗaya su ga iyakar abin nasu. Ka gaishe da mai masaukinka.

Naka,
Mai Walda

Laraba

Aminina Mai Fenti,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, na gode, sai dai ban ga abin dariya ba har da za ka cika rabin shafi da shi. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Allah Ya ƙara afuwa.

Ka tambayi yadda ƙungiya take. Wasa shida, mun ci huɗu, an ci mu biyu, maki goma sha biyu, muna na uku a teburi. Huɗun da muka ci ina sito, biyun da aka ci mu ina kallo. Ba sai ka lissafa min ba, kowa a garin nan ya lissafa.

Ni na san dalilin, kuma ba ni ba ne. Sabon koci ya mayar da kyaftin baya, inda na shekara uku ina ihu a mayar da shi. Bayan wasa na uku kuma sun ɗauko sabon lamba tara. An ce bahago ne, an ce in ya karɓi ƙwallo ba ya duban ƙasa. An ce, an ce. Ya ci biyar, ni ko a hanya na gamu da shi ba zan gane shi ba. Mutane suna cewa gani ya kori ji, ni ji kawai aka bar min.

Tela ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Dole komai ya zama yadda yake ranar farko: galan ɗin nan, tuta a hannuna, ba waya, ba rediyo. Na kai kujera ya fitar da ita. Shi yake jan sakata da hannunsa, ya tafi yana waiwaye. Sitona taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, da 'yar taga sama wadda ko kyanwa sai ta rage ciki. Na san adadin rodunan da ke ciki, na san inda tsatsa ta fara cin rufi. Wasan gida da sauƙi, don na koyi karanta ihu. Akwai wanda yake tashi ya karye a tsakiya, an ɓarar ke nan. Akwai mai haɗe da zagi, wannan na alƙalin wasa ne. Akwai kuma wanda farantin ƙofa yake amsawa har ka ji shi a haƙoranka. Shi ne namu. Wasan waje kuwa ba komai sai ƙarar ƙadangare a kan kwano, har sai Tela ya dawo na ji irin takunsa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne girmamawar. Mutanen da ba su taɓa gaishe ni ba yanzu suna rusunawa. Wani ya kawo min fanka mai batir, Tela ya hana. Malamin lissafi na layinmu ya tsayar da ni ya yi min bayani mai tsawo cewa wannan dacewa ce kawai, babu hankali a cikinta. Na ji sanyi, na ce yau na samu mai ilimi. Da zai tafi sai ya rage murya ya tambaye ni, amma dai ranar Asabar zan shiga ko? Gurbina na jikin turke kuwa, an ce surukin Tela ne yake zama yanzu, mutumin da bara yake goyon bayan abokan hamayyarmu, 'yan ƙetaren gada.

Mai ɗakina ta ce shekara talatin tana roƙon in zauna waje ɗaya ranar Asabar, ashe ƙofa ya kamata ta roƙa.

Asabar mai zuwa da 'yan ƙetaren gada za mu kara, a gidanmu. Shekara goma sha biyu ba mu ci su ba, kai shaida ne, tare muka sha takaicin. Na gaya wa Tela wannan kam da idona zan gani, ko sama za ta faɗo. Na shirya masa faɗa, na tanadi magana. Bai yi gardama ba. Ya ce ni na sani, ya ci gaba da taka kekensa. Da zagina ya yi da ya fi min.

Ka yi mana addu'a. A gaishe da abokan aiki.

Naka kullum,
Mai Walda

Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Iyalinka lafiya, nawa ma haka. Ka yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, akwai abin da nake so in sauke, kuma kai kaɗai zan iya sauke wa. In ka karanta kada ka nuna wa kowa.

Ka riga ka ji mun ci su biyu da ɗaya. Ga abin da ba ka ji ba.

Jiya da azahar na sa rigar ƙungiya na fito da niyyar fili. Na tarar da Tela shi kaɗai zaune a bakin shago, ba taro, ba roƙo. Ya tsufa, Mai Fenti, ban lura ba sai jiya. Ya ce bai zo hana ni ba, ya zo mu tafi tare ne, kamar da. Ya miƙe muka kama hanya. Duk wanda ya gan ni sai ya kau da kai, har masu busa ƙaho suka sauke. Ban kai ƙarshen layi ba na juya. Na shiga, na zauna a kan galan, na ce masa ya ja.

Yanzu ga sirrin. Washegarin ranar da na fara maƙalewa, na yi wa ƙofar nan ɗan mariƙi ta ciki, ƙasa-ƙasa bayan roduna, wanda in ka ja shi yake ɗage sakatar waje. Wane maƙeri ne ƙofarsa za ta kama shi sau biyu? Duk makonnin nan ina iya fita duk sa'ar da na so. Shi ya sa nake cika baki cewa ba kulle ni aka yi ba.

Rabin lokaci ya wuce ba ci. Da na ji usur na dawowa sai zuciya ta ce, kai da ka gina kanka da kanka, galan zai riƙe ka? Na ja mariƙin. Titi fayau, ko kaza babu. Na bi ta baya zuwa ƙaramar ƙofar da motar asibiti take shiga, wadda ni na yi mata walda shekara shida da suka wuce. Na kama sandunan na leƙa. Na ga ciyawa, kore shar, na ga rigunanmu. Idona ya cika, na soma neman lamba tara. Ban kai ga samunsa ba ƙwallo ta wuce. Abin da na gani, bayan wata guda ban ga wasa ba, shi ne golanmu ya sunkuya yana ɗauko ta daga cikin raga, 'yan ƙetaren gada suna tsalle, mutum dubbai namu sun yi tsit.

Na ruga. Ni, da furfurata, takalmi ɗaya a hannu. Na shiga na jawo ƙofa har sakata ta faɗa, na zauna ina haki, na rungume tuta. Ba a yi minti goma ba farantin ya amsa. Daf da tashi ya sake amsawa, har tsatsa tana zubo min a ka.

Da Tela ya buɗe, ya rungume ni yana kuka, jama'a suka ɗaga ni sama suka zagaya layi da ni suna cewa ga wanda bai taɓa motsawa ba. Na bar su suka faɗa.

Na san camfi ne. Na san ƙwallon nan za ta shiga ko ina nan ko ba na nan, kyaftin ne ya zame, kowa ya faɗa. Amma gaya min tsakaninka da Allah, in kai ne za ka sake gwadawa?

Yau da safe na kunna injin yanka na datse mariƙin, na goge wurin sumul. Mai ɗakina ta shigo da ruwa ta gan shi a ƙasa. Ashe ta san da shi tuntuni, ita take share siton. Ta ɗauka ta jujjuya, ta ce: “Da su suke kulle ka, malam. Yanzu wa zan roƙa ya buɗe?”

Muna na ɗaya a teburi. Saura wasa talatin da ɗaya. Shekarun da na yi ina kallonsu suna shan kashi ke nan, kuma shekarar da suka koyi ci, ni kaɗai ne a garin nan ba zan gani ba.

Ka gaishe da kowa, Allah Ya dawo mana da kai lafiya. Abu ɗaya nake nema, kuma ba alfarma ba ce, haƙƙina ne. In ka dawo ka ɗauki burushinka ka je gaban allon nan da na ƙera. Ko mun ɗauki kofi ko ba mu ɗauka ba, a layin wannan kaka, sama da lamba tara, ka rubuta sunana. Ba Mai Walda ba, ba mutumin sito ba. Cikakken sunana da na mahaifina, da manyan baƙaƙe, da fentin da ba ya goguwa. Allon aƙalla zan iya zuwa in gani.

Naka,
wanda ka san sunansa