Na Daina Gaisuwa Bisa Moto

Yaya Sanusi,

Sallama. Ina lahiya, ina iyali, ina zaman Abijan? Mu da Inna lahiya lau.

Ran kasuwar Madawa wani mai kamiyon albasa ya leƙo yana gaida mutane yana tuƙi, ni kuma ina bisa moto ina ɗaga ma Kawu Idi hannu. Saura kaɗan ya take ni, Allah ya sa gwiwa kawai na goge.

Yanzu in ina bisa moto ba ni amsa kowa. Kawu ya yi hushi, wai girman kai ya kama ni. Gara in same shi gida in ba shi haƙuri, da ya zo ma Inna ta'aziyyata.

A sa ni addu'a. Gaida Hadiza da yara.

Ƙanenka,
Mamman