Rasuwar Mai Launi, Idon Yayarta

Cikin alhini da kaɗuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Ƙungiyar Mata Masana Kimiyya da Masu Zane tana sanar da mambobinta da sauran jama'a rasuwar ƙwararriyar mai zanen tsirrai, Hajiyarmu da kowa ya sani da Mai Launi, ƙanwar Shugabarmu ta farko, mai girma Farfesar ilimin tsirrai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi da aka bugo mana waya, cewa muka yi a sake tambaya, domin da ƙafarta ta hau bene jiya da safe, tana tsokanar ɗalibai.

Marigayiyar da yayarta 'ya'yan mai rini ne, kuma a gindin tukunyar mahaifiyarsu suka raba gado tun tana raye: babbar ta ɗauki ganye, ƙaramar ta ɗauki launi. Da ciwon ido ya raba Farfesa da ganinta, mutane suka ce shi ke nan, bincike ya ƙare. Mai Launi ta ce ba a isa ba. Ta rufe shagon zanenta, ta tare a ɗakin gwaje-gwaje, tana leƙa madubin bincike a madadin yayarta, tana cakuɗa fenti da gam domin kowace jijiyar ganye ta taso a kan takarda, Farfesa ta bi da yatsa ta gyara. Haka suka yi ta haɗa littafin tsirran magani da ya rage kaɗan a kammala.

Doka ɗaya marigayiyar take da ita, kuma duk mun sha faɗa a kanta: idan ta ɗauki buroshi, ba a yi mata magana. Saboda haka da ta yi shiru jiya, Farfesa na gefenta a zaune, ba ta ce uffan ba, tana jira a miƙo mata takarda. Sai da jiran ya yi yawa ta lalubo teburin, ta taɓa hannun ƙanwarta, ta ji ya yi sanyi. Likita ya ce zuciya ce.

A madadin Shugaba, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, 'ya'yanta, jikokinta, musamman ga Farfesa. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata kurakuranta, Ya ba iyalai haƙurin jure wannan rashi.

Muna roƙon masu zanenmu, duk wadda za ta iya koyon wannan aiki ta fito, kada littafin ya mutu. Da muka gabatar wa Farfesa wannan shawara ba ta ƙi ba, sai dai ta ce a ba ta lokaci tukuna, domin ta daɗe da rasa ido, amma jiya ne ta makance.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Amintattu