Ruwa a Ƙarƙashin Gidan Mashti

Asabar, 9 ga watan Aban

Zuwa ga maigida, Mashti Kas-Ali,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya ƙugun da likitocin Rasht suka ɗinke? Ina fata 'yarka Mahruk tana ba ka shayi mai kauri, ba ruwan ɗauraye kofi irin nata ba. Ka shafa min kan jikokina. Da kunnenka yana jin waya da ban wahalar da kaina da biro ba. Direban motar ƙauye zai miƙa maka wannan, in ka ga kuskure ka haɗiye, aji huɗu na yi.

Yau kwana shida ruwa bai ɗauke ba. Ba ruwan ne ya dame ni ba, a cikinsa aka haife mu. Warin da ke tasowa ta tsakanin katakon ɗaki ne. Na ɗaga tabarma na tarar bayanta ya yi fumfuna fari fat, ƙofar ɗakin baƙi kuma sai na sa kafaɗa take rufuwa.

Shekara hamsin da ɗaya ina gidan nan, yana tsaye kan gumaguman da mahaifinka ya jera, iska na shiga ta ƙasansa ta gabas ta fita ta yamma, ban taɓa jin wannan wari ba. Sai bana, da ka zagaye ƙasan da bulo da siminti, don kawai surukar jikarmu ta Tehran ta ce gidanmu ya yi kama da akurkin kaji mai ƙafafu. Ita tana can hawa na tara, ni ce nan da warin.

Na ajiye lemo a tsakar ɗaki da safe. Ban taɓa shi ba, ya kama hanyar kusurwar arewa a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Ɗanka Kiyumars ya bugo waya, bakina ya suɓuce na faɗa masa. Ya ce ran Juma'a zai zo da injiniya. In babbar azarar da ke ɗauke da ɗakuna ta ruɓe, kwaɗo zai sa wa gidan, daga Rasht ya wuce da kai Tehran, ni ma ya haɗa da ni. Ka ba ni izini a fasa bangon nan, Mashti.

Ka huta lafiya. Matarka,
Gulnisa

Litinin, 11 ga Aban

Mashti,

Ina gaisuwa. Ya ƙarfin jiki, ya sanyi? Allah ya ƙara sauƙi. Direba ya ce ka karanta takardata har sau biyu, ka ninke, ka ce a gaya min kar wanda ya taɓa maka bango. Na ji. Ashe tiyatar ba ta kai ga taurin kai ba.

Na kira Usta Safar kafinta. Ya zo da lemarsa mai ƙarfe uku, ya durƙusa a bakin 'yar ƙofar ƙarfen da ka sa wa bangon, ya leƙa da tocila. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya tambaye ni ko kiwon kifi muka fara ba mu gaya wa maƙwabta ba. Ban yi dariya ba, shi ma da ya gama faɗa bai yi ba.

Ruwa ne kwance a ƙarƙashinmu har gwiwa. Daga tudu yake gangarowa ya kutsa ta ƙasan bangonka, in ya shiga kuma ba shi da hanyar fita. Gumaguman ƙasa duk sun nutse. Tsakanin ruwan da babbar azara saura taƙi ɗaya, ita kanta azarar tana ta gumi, ɗigo na sauka daga jikinta. Usta ya ce itacen nan ba ya tsoron ruwan da ke wucewa, ruwan da ya zauna da iskar da aka toshe su ne ajalinsa.

Ni da Kubra maƙwabciya muka kama kwasa da bokiti tun hantsi har azahar. Ta ce bayanta ya tsinke, na ce dama can ba a miƙe yake ba. Da muka auna da sanda, ko faɗin yatsa bai ragu ba.

Ka tuna shekarar da aka kawo ni? Tun daga nan, duk lokacin kaka mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, sai ta sa ni rarrafe in share magudanar tsakuwa da gawayi da ke bi ta ƙarƙashin gida ta faɗa ramin gonar shinkafa. Ina sharewa tana tsaye tana cewa hannuna kamar na 'yar birni. Bakin magudanar nan, Mashti, a kansa ka zuba harsashin bangonka. Ranar na faɗa maka, ka ce in je in duba tukunyata.

Na roƙi Usta ya fasa. Ya ce shi ba ya ɗaga guduma kan bangon mutum alhali mai shi yana kwance a wani gari, ba a yin haka, gobe da wane ido zai dube ka a masallaci.

Lemon yau da sauri ya tafi. Saura kwana huɗu.

Taka,
Gulnisa

Laraba, 13 ga Aban

Maigida,

Ina fata ka tashi lafiya, kai da mutanen gidan duka. Ka gyara zama kafin ka ci gaba, kar ka fama ɗinkin.

Na fasa bangonka.

Jiya da safe ina zuba shayi na ji katako ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafata, wata 'yar ƙara kamar ana taka busasshen kara. Kofin da ke kan faranti ya zame da kansa. Na leƙa ta ƙofar ƙarfe, ruwa ya kusa sumbatar azara, saura yatsu uku.

Na aika aka kira Usta, na ɗauko gudumarka ta fasa dutse. Da ƙyar na kai ta kafaɗa. Bugun farko ta kuɓuce ta kusa raba Kubra da babban yatsanta. Na biyu ya samu bulo, na uku ya tsaga shi. Usta yana tsaye da lemarsa yana kallo. Sai ya naɗe ta ya jingine, ya ce, "To, Gulnisa Hanum, yanzu ba bangon Mashti ba ne, fasasshen bango ne. Fasasshe kuwa aikina ne."

Da ya cire bulo huɗu a bakin magudanar, ruwa ya yi tsalle ya fito baƙi ƙirin, da kwaɗi, da takalminka na roba da ka zargi kare da sacewa. Kafin la'asar mun buɗe gabas da yamma, iska ta ratsa.

Amma ban rubuto don in yi maka gori ba. Kusurwar arewa ta ƙi tsiyayewa. Wurin ya yi kwari, ruwa ya taru daidai inda kan azarar ya sauka, muna kwashewa yana dawowa kamar idon ruwa ne a wurin. Usta ya ce gungumen ƙasa ya yi laushi, in ya ƙara kwana biyu a jiƙe zai zauna, azarar ta biyo shi. Bai san inda ruwan ke fitowa ba, ni ma ban sani ba.

Na san da kuɗin shinkafar bara da wannan ƙugun naka ka yi bangon, na kuma san abin da maganar matar nan ta yi maka a gaban baƙi. Ka yafe min. Ban iya zama in ga an sa wa gidan da na haifi 'ya'ya biyar a ciki kwaɗo ba. In akwai abin da ka sani game da kusurwar nan, ka ajiye fushi zuwa Asabar, zan karɓe shi duka.

Mai jiran amsarka,
Gulnisa

Asabar, 16 ga Aban

Zuwa ga Mashti Kas-Ali, mai gida da ƙafafunsa,

Gaisuwa da fatan sauƙi ya ƙaru. Mahruk ta ce ka taka har bakin ƙofa da sanda, Allah ya ƙara ƙarfi.

Takardarka ta iso ran Alhamis da hantsi, a bayan takardar magani, ba sallama ba gaisuwa. "Magudana biyu ce. Ta biyu tana gindin ɓaure, taku uku daga rijiya. Ni nake share ta. Bana ban share ba." Shekara hamsin da ɗaya, sai yanzu nake ji! Ashe duk kakar da kake cewa za ka duba ɓaure, ba guje wa aikin gida kake yi ba. Na yafe maka rabin zagin da na yi.

Muka tona. Saiwar ɓauren ta cika bakin tam, ta murɗe kamar gashin da bai ga mataji ba. Usta ya sare ta, ruwa ya kama hanyarsa, kafin magariba kusurwar ta koma taɓo. Muka zuba gawayi buhu uku da tsakuwar rafi.

Jiya su Kiyumars suka iso. Injiniyan mutum ne mai fararen takalma, na ba shi naka na roba, wanda ruwa ya dawo da shi da ɗan'uwansa. Ya shiga da rarrafe, Usta na biye da shi riƙe da doguwar ƙusa. Kiyumars ya tsaya da kwaɗo sabo fil a aljihu, ina ganin shatinsa.

A gungumen kusurwa ƙusar ta shige kamar a cikin dafaffiyar kabewa. Ɗanka ya dube ni, na dubi kaji. Sai suka kai kan azarar. Usta ya danna, ta shiga tsawon farce ta tsaya. Ya sake a wuri shida, har injiniyan ya karɓa ya danna da hannu biyu. Ta ƙi.

Ya fito yana karkaɗe gwiwa, ya ce a canza gungume ɗaya, azarar kuwa za ta binne mu duka in an bar ta ta sha iska. Ya tambayi wane ne ya toshe ƙasan gida irin wannan. Na ce wani magini ne daga nesa, ba ma sake kiransa. Ya tambayi wanda ya san hanyar ruwan, na ce maigidan ne, daga gadon jinya ya nuna mana. Kiyumars ya ci shinkafa faranti biyu da kyafaffen kifi, ya koma da kwaɗonsa.

Ran Talata Usta zai ɗaga kusurwar ya sa sabon itace. Lemon kuwa na cinye shi, ya gaji da tafiya.

Bulonka ban zubar ba. Matakalarmu ta yi wa sabon ƙugunka tsayi, sai na sa Usta ya jera su a gabanta, hawa biyar gajeru, har da abin dafawa. Ka warke ka dawo, da bangonka za ka hau gidanka. Fushin da na ce ka ajiye min ka taho da shi, shayi na kan wuta.

Matarka mai guduma,
Gulnisa