Ƙamshin da Danjuma Bai Ji Ba

Laraba da dare, Al Asmakh

Gobe za a gwada ni aiki a mashayar wani otal a Lusail, saboda baƙin kofin duniya. Shi ya sa na ɗauko ragowar giyar nan da ake kira jin, ta marigayi Danjuma, abokin zamana, na haɗa yadda ya koya mini: ruwan lemon tsami, sukari, ƙanƙara. Ina murɗe ɓawon lemon a bakin kofi, ƙamshi ya cika ɗakin.

Sai na tuna ranar da ya murɗe nasa, ya shinshina, ya ce, "Kai, Bala, lemon nan ba ya ƙamshi." Na yi ta masa dariya, wai an cuce shi a kasuwa. Ashe korona ce ta ɗauke masa jin ƙamshi. Bai kai sati biyu ba ya rasu.

Na zubar da haɗin. Sau uku ina wanke hannu, ƙamshin ya ƙi fita.