Gurbin Sunan Ɗiyar Fari

Jega, ranar Laraba

Ƙawata Raihanatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Goggo Rabi da mutanen Aliero duka. Yaya aikin albasa? Na san yanzu warinta ba ya barin hannunki.

Kin tambaye ni abin da ke riƙe ni a ɗakin kwamfuta. Malam Sabi'u ya sa kowa ya rubuta manhaja, wadda ta fi kyau za a kai ta gasar makarantu a garinku. Tawa ta rajistar yara ce domin rigakafi. Babu hoto, babu launi. Allo ne baƙi wuluk da ɗan farin layi yana ƙiftawa, kamar mai jiran a yi masa magana. Nakan zauna ina kallonsa har in manta inda nake.

Kowane gurbi ni ke kafa masa doka. Shekaru, sai lamba. Sunan yaro ba a tsallake shi, kuma kada ya kasa harafi uku. Malam ya yaba wannan, ya ce ita ce za ta hana mutane shirme. In aka karya doka manhajar ba ta yin faɗa, sai ta nuna kuskuren ta maimaita tambayar, ba ta gajiya.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Malam ya ba ni aron kwamfutar in gwada a gida. Kin san ni ce ta fari, Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Daga "ke" sai "waccan". Na san kunya ce irin ta iyaye. To idan allo ne ya tambaye ta, ba ni ba? Ina ta ƙiyasta yadda sunan zai fito daga bakinta, ko za ta ja shi, ko za ta yanke. Kada ki yi mini dariya.

Ki gaishe da kowa.

Taki,
Mardiyya

Andarai, ranar Lahadi

Raihanatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikin Goggo? Na zo gida Andarai, mu nan lafiya lau.

Na gwada jiya da hantsi, a inuwar rumbu. Inna ta ajiye tankaɗe ta zauna kusa da ni. Ta faɗi garinmu, ta faɗi sunayen ƙannena ina rubutawa, har tana tsokanar allon wai ya fi malamar asibiti son tambaya. Da muka zo kaina sai ta ce in wuce. Na wuce, allon ya dawo da tambayar. Na sake, ya sake. Dariyar ta ɗauke. Ta ja mayafi ta rufe baki tana kallon kaji, ni kuma na kasa ɗaga kai.

Ina shirin rufewa sai ta miƙo yatsa, da garin dawa a kai. Ta daɗe tana neman wani abu cikin madannan kwamfutar, ita da ba ta yi boko ba. Sannan ta danna M. Ashe ta san shi, a jikin bokitina na makaranta take ganinsa. Allon ya ce suna ya yi gajarta. Ban karanta mata ba. Ta tashi ta koma tankaɗenta.

Raihanatu, na daɗe zaune da harafin nan a gabana. Sai na buɗe dokar, inda na sa uku na mayar da shi ɗaya. Na san Malam zai ce na sassauta, wataƙila ma ta wani za a kai Aliero. Zan yi masa bayani in na iya haɗa baki.

Na danna, ya karɓa. Garin dawar yana nan a kan madannin, ban goge ba tukuna.

Ki yi mini addu'a.

Ƙawarki,
Mardiyya