Abin da Mai Kifi Ya Ce wa Kawu Mabruk

Yaya Hasiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata sanyin Marsiliya bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba, Allah ya ƙara lafiya. Mu nan Tunis kalau muke. Maigidana Munsif yana ta fama da aiki, ƙanwarmu auta Wi'am da ke karatu a wurina kuma ta kusa gama jarrabawa. Zancenta ne ma ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin ya faro ne ranar da Kawu Mabruk ya zo daga Tatawin ganin likita, ni da Wi'am muka raka shi kasuwa. Kin tuna yadda muke yi wa mutanen birnin nan dariya? Mu a gida Tatawin, in za a ce "kai" ko "ke" da Larabci, namiji "inta" ne, mace "inti", su kuwa kowa "inti" ne, ko da gashin bakinsa ya kai kunne. To, mai kifi ya dubi Kawu ya ce masa inti, ya juyo ya ce wa Wi'am inti, da murya ɗaya. Kawu ya kama gashin baki yana tambayarsa wai makaho ne, ko sai ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa? Mai kifi ya ce Alhaji ya yi haƙuri, ko gwamna ne ya zo haka zai ce masa, kifi dai wanne za a auna? Na yi dariya har da hawaye. Wi'am ba ta yi ba. Tsayawa ta yi tana kallon mutumin kamar ya ba ta kyauta.

Kin san ni da 'yan littattafan soyayyata. Yarinya ta rage gashi, ta daina sa kwalli, ta koma shiru-shiru, sai na ce shi ke nan, akwai saurayi. Har ɗan mai kifin na zarga! Da na tsare ta muna yanka barkono, sai ta ce wallahi littattafan nan sun cinye mini ƙwaƙwalwa. Sannan ta ce tun tana ƙarama, in an ce mata inti a gida, ji take kamar da wata ake. Da yaran unguwa suka riƙa tsokanarta da inta saboda ƙwallo, shi ma bai zauna mata ba. Na ce to namiji take so ta zama? Ta ce a'a. Mace fa? Ta ce shi ma ba haka take jin kanta ba. Wai duk zamanta a nan ta ɗauka intin Tunis irin na gida ne, sai da ta ji an faɗa wa Kawu da gashin bakinsa, sannan ta gane ashe ana iya yi wa mutum magana ba a fara ware shi a namiji ko mace ba.

Yaya, ban gane duka ba, kuma ban taɓa cin karo da irin wannan a littafi ba. Tambayoyi nake ta yi mata har ta ce in bar ta ta sha iska. Na tambaye ta yadda zan ambace ta a wasiƙar nan, ta ce in rubuta yadda na saba, ita ma tana kan nema.

Ga inda matsalar take. Kawu ya koma gida ya ba Umma labarin gashin da Wi'am ta rage, Umma ta bugo waya ta ce da an gama jarrabawa a sa Wi'am a mota ta dawo gabanta. Wi'am ba ta yi musu ba, abinci kawai ta daina ci. Munsif ya ce shi bai fahimci komai ba, amma in ta tafi wa zai zagi alƙalin wasa tare da shi? Don Allah ki kira Umma, ta fi jin maganarki. Kada dai ki faɗa mata abin da na gaya miki. Maganar Wi'am ce, ke ma sai da na nemi izininta.

Ki gaishe da Yaya Lutfi, ki shafa mini kan Iyad da Ranim. Ni dai na yanke shawara: ba zan sa ta a motar ba. Wi'am za ta zauna a wurina.

Ƙanwarki,
Nahla