Takardar Shaidar Kansila

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Ni lafiya lau, sai yatsu biyu da ƙarfe ya ɗan taɓa. Kada ka faɗa mata.

Mun ji rasuwar tsohon Kansila, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin yana kan kujera bai taɓa rufe wa kowa ƙofa ba.

Mu takwas 'yan garinmu da ke aiki a nan ƙasar waje mun taru a ɗakina don yi masa addu'a, biyu a kan gado, sauran a tsaye. Sai na ɗauko takardar shaidar da ya rubuta mini da zan taho, na karanta musu ina hawaye: "Wannan ɗan ƙanwata ne, duk garinmu babu mai walda kamarsa."

Sai direban cikinmu ya zaro tasa daga cikin fasfo. Shi ma ɗan ƙanwa ne, babu direba kamarsa. Haka tela, haka mai gadi. Ka san marigayi ba shi da ƙanwa, kamar yadda ka san ban taɓa yin walda ba sai da na zo nan.

Muka yi ta dariya har ta koma kuka. Da ƙaryarsa muke ciyar da gida.

Ka ce wa Auta ya daina damuwar wa zai rubuta masa. Ga tawa nan a ciki, dama babu suna. Ya goge walda, ya sa abin da yake so ya iya.

Ƙaninka